Ƙafa ta Goma Sha Biyu

Talakawa goma sha ɗaya Varkichan ya tara, saura ɗaya, ga Alhamis Mai Tsarki saura kwana biyu.

A cocinmu na Kunnumpara, duk shekara Fada ne ke wanke ƙafafun mutum goma sha biyu, kamar yadda Yesu ya yi wa manzanninsa. Bana Bishop da kansa zai wanke. Kowa kuma ya san shi ne zai aika sunan mutum ɗaya Roma, don lambar girma ta Paparoma. Shekara shida Varkichan, mai gonar roba kuma shugaban kwamitin coci, yana farautar lambar nan. Har tela ya riga ya auna shi don kayan karɓar lambar.

Ba mai cewa bai yi aiki ba. Bencin da ka zauna, sunansa ne a jiki. Fanka, ƙararrawa, lasifika huɗu, duk sunansa. Kowace Kirsimeti yana raba shinkafa da silifa, sai dai bai taɓa kallon fuskar wanda yake miƙa wa ba, don idonsa na kan mai hoto. Ga kabarin mahaifinsa, farin dutse mai sheƙi, ya fi na Fadan da ya gina cocin. Ba kowa a ciki, tunda teku ce ta cinye tsohon shekara takwas da suka wuce, lokacin da su biyu suka je ziyarar ibada Velankanni, can gabar gabas. Varkichan ya dawo shi kaɗai, ya yi kukan da har yau ake labarinsa. Duk shekara ana yi wa marigayin addu'a, da mawaƙa da shinkafar biriyani.

Matsalar ita ce talakawan ƙauyen sun lalace. Ya jera su a tsakar gidan gajiyayyu, yana bin ƙafafu ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen awaki.

"Sista, wannan ai ƙafar malamin makaranta ce," ya ce. "Bishop ya taso tun daga birni ya wanke wannan? Ina faso? Ina kaushi?"

Sista Merlit ce ke riƙe da gidan. Shekara talatin tana wanke gyambo kullum safiya, ba a taɓa ɗaukarta hoto ba.

"Laifinmu ne, yallaɓai," ta ce. "Mun yi ta shafa musu mai. A gafarce mu."

Bai ji zafin maganar ba. Na goma sha biyu shi ne na ƙarshen layi, ya ce, nan mai hoto zai tsaya, don haka a samo masa talaka na gaske, ko daga ina ne.

Sista ta yi ɗan tunani. Ɗaya gidan gajiyayyunsu na gabar gabas ana gyaran rufinsa, an kawo musu tsofaffi uku jiya. Ɗaya a tashar mota aka tsince shi tun tuni, kwana uku zaune a kan jakarsa. Ba ya faɗin sunansa, ba ya faɗin garinsu. Shi dai shayi yake jira.

"Kofin shayi nawa muka ba shi," ta ce. "Ya sha, ya yi godiya, ya ce ba wannan ba."

"Ƙafar fa?"

"Kamar gonar da ta shekara ba ruwa."

"Madalla. A sa masa farin zane, amma kada a taɓa ƙafar."

Ranar Alhamis coci ya cika har tagogi. Mutum goma sha biyu suka zauna a gaban bagade, cikin fararen zannuwan da aka sanar sau biyu cewa Varkichan ne ya saya. Na ƙarshen ya sunkuyar da kai, gemu har ƙirji. Wata tsohuwa a sahun gaba ta ƙura masa ido, carbinta ya suɓuce ya faɗi, jikokinta suka ce zafi ne.

Bishop ya durƙusa, yana zuba ruwa, yana sumbata. Fada na riƙe masa makirufo. Varkichan na biye da tawul, aikin da sai da ya yi rigima da mutum uku kafin ya same shi. Ƙafa ta ɗaya, ta biyar, ta tara, yana gogewa yana murmushi ta ɓangaren da ya fi masa kyau.

A ta goma sha biyu Bishop ya daɗe. Ya riƙe diddigen nan da ya tsattsage, idonsa ya kawo ruwa.

"Ɗana Varkichan," ya ce, coci duka na ji, "wanda ya nemo wannan bawan Allah ya san inda Kristi yake kwana. Zo kai ma ka sumbace ta."

Shi ke nan, lamba ta samu. Varkichan ya duba ya ga mai hoto ya shirya, ya durƙusa, ya runtse ido don wari, ya ɗora leɓe. Fada ya sauko da makirufo kusa, ko mai girma zai ce wani abu.

Sai Varkichan ya ji hannu a kansa. Yatsu suka bi ta gashinsa, suka lalubo wani tsohon tabo a bayan kunne, wanda ko matarsa ta manta da shi.

"Varki," in ji tsohon, lasifikan nan huɗu suka kai maganar har maƙabarta. "Ɗana, ka daɗe. Ina shayin?"