Mita Goma Sha Biyar-Biyar

Ranar Asabar da hantsi Baba ya ce a raba filin bayan gida tsakanin 'ya'yansa biyu, daidai wa daida. Zanen ya faɗa hannun babban, wanda ake kira Injiniya tun bai gama makaranta ba.

Faɗin filin mita talatin ne. Injiniya ya ja layi a kwamfuta, ya ɗan gusa shi gefe: ɓangare ɗaya ya zama 15.4, ɗayan 14.6. Sai ya shiga saitin awo ya hana manhajar nuna komai bayan ɗigo. Manhaja ba ta gardama. Ta cike wannan, ta rage wancan, duka suka fito 15. Mai kafa turaku kuwa daga fayil yake ɗaukar layi, ba daga takarda ba.

A ƙaramin ɓangaren mangwaron da marigayiya Innarsu ta dasa yake, kuma Injiniya ya san ƙanwarsa Auta ba ta wuce bishiyar nan ba tare da ƙwalla ba, don haka nan za ta zaɓa.

Ya tura fayil ɗin shagon da take aiki, inda ake buga wa magina zane, tunda shi a can kyauta ne.

"Ki buga kawai, kar ki taɓa komai. Wannan ba katin biki ba ne."

"To, Yaya."

Washegari aka shimfiɗa zanen gaban Baba da Kawu. Injiniya ya yi dogon bayani kan ƙwarewa, ya rantse ko sirin gashi babu tsakanin kason biyu, sannan ya ce shi babba ne, ya bar wa yarinya ta zaɓa.

Auta ta daɗe tana kallon mangwaron. Ta goge ido da gefen mayafi.

"Yaya ne ya cancanci inuwar Inna. Ni a ba ni wancan da babu komai."

Kawu ya yi ta sa mata albarka. Baba ya ce a kira mai turaku yau ɗin nan. Injiniya ya buɗe baki, ya tuna rantsuwarsa, ya rufe.

Da ya koma ɗaki ya warware kwafin da Auta ta naɗe masa daban, wai don ajiya. Zanen nan ne dai, an buga shi tsaf, sai dai a ƙarƙashin mangwaron an rubuta ainihin awon da ya ɓoye: 14.600.