Dokin Da Ba A Ci Ba

A kan allon ces, darar Turawa, ta fara ganinsa, ranar da suka kara a wasan ƙarshe na gasa. Wuyan rigarsa ya koɗe. Shi ya ci wasan. Kofin ya samo masa aikin koyarwa a kulob, aikin ya ba shi bakin neman aurenta.

Yau ya share teburin cin abinci, ya jera 'ya'yan wasa.

"Gimbiya, zo ki riƙe baƙaƙenki. Gobe zan nuna wa ɗalibaina wasanmu."

Shekara da shekaru yana bitar wasannin gwanaye, yana tsefe yadda kowa ke buɗe nasa, amma nasu bai taɓa waiwayarsa ba. Ita kuwa ta san abin da ke binne a ciki. A ranar ya dire dokinsa a fili, babu mai kare shi. Ta gani sarai, ta kawar da kai, ta tura soja. Da ta ci dokin, da kofin nata ne. Idan ya gano, da wane ido zai ƙara kallon kofin nan? Da wane ido zai kalle ta?

"Tukunyata na kan wuta, Malam."

"Na sauke miki."

Ta zauna. Buɗewar ta tafi tiryan-tiryan, babu wanda ya nemi tuni. Soja, doki, soja. Fanka na juyawa, amma gumi ya jiƙa mata baya. Shi ko allon ba ya kallo, ita yake kallo, kamar dai a ranar.

Ya ɗauki dokin ya dire shi daidai inda ya dire shi a ranar gasar. Hannunsa ko gezau.

Ta miƙa hannu ga sojan, yatsunta suka ƙi.

"Na gan shi," ta ce. "Ranar nan na ga dokin. Wuyan rigarka na kalla, na kasa."

Ta janye hannunta daga kan sojan.

"Ka yafe mini. Na yi maka alkawari, ba zan ƙara bar maka wasa ba, ko a gida ko a waje."

Ya sauke dogon numfashi, ya turo dokin gabanta da ɗan yatsa.

"To ci abinki, mai taurin kai. Da gangan na ajiye miki shi ranar nan, kika ƙi ɗauka."