Hannun da ke Cikin Raƙumi

"Cire hannunki daga raƙumina!" Abla Rakiya ta fizge 'yar tsanar raƙumin daga hannun Wafa, saura minti biyu a fara wasan 'yar tsana na yara.

"Abla, Mudir Turki ne ya ba ni shi. Yau ce ranar gwajina."

"Wata shida kina koyo, har kin isa riƙe jarumin wasa? Shekara ashirin ina bayan labulen nan, ya bint, ke yarinya." Ta cilla mata 'yar tsanar akuya. "Yalla, je ki kaɗa wutsiya."

Wafa ta zura hannu cikin akuyar. Gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar wasan, in ta faɗi yau sai komawa ɗinki a unguwar Hindawiyya. Muryoyin an riga an naɗe su, motsin hannu kawai Mudir, shugaban ƙungiyar, zai duba. Da aka fara, Wafa ta sa akuya ta tauna igiyar raƙumi, ta yi tuntuɓe, ta harari yara. Zauren ya kaure da dariya.

Ana gamawa Mudir ya tsaya gaban labule, bai ko leƙo ba.

"Wafa, raƙuminki gawa ne! Ba ki ga akuyar Abla ba? Wannan shi ne hannun gwani. Khalas, shi ke nan, wadda ta riƙe raƙumin nan ba ta da wuri a ƙungiyata, ko 'yata ce."

Wafa ta yaye labulen. Ga Abla Rakiya a durƙushe, hannunta cikin raƙumi har gwiwa.

"Mudir," in ji Wafa, tana ɗaga akuyar, "maimaita, Abla ba ta ji ba."