Furen Da Ya Juya Wa Baƙi Baya

Ranar da na fara ganin Lurwanu, kalma biyu ya yi mini. Littafina ne ya suɓuce a tashar Ƙofar Doka, ya ɗauka ya kaɗe ƙasar, ya miƙo mini ya ce, "Ya faɗi." Na yi mako guda ina juya kalmomin nan a raina kamar wasiƙa. A littattafan da na koya wa kaina karantawa, namiji mai shiru shi ne mai zurfin so, kuma da an ɗaura aure bakinsa ke buɗewa.

Aka ɗaura, bakin bai buɗe ba. Yana dawowa daga shagonsa na gyaran agogo sai ya ɗauki tabarma ya zagaya bayan ɗaki wajen tantabarunsa. Ni kuwa in janyo shi falo, in cika masa gaba da dambu, in tsare shi da ido: "Me kake tunani?" Cikin wata guda ya fara daɗewa a shago. Na tabbata ya daina so na. Na kwashi kukana sai gidan Gwaggo Azumi, ƙanwar babana, wadda ta yi shekara ashirin tana aikin girki a Ikko. Ta bar ni na gama, ta turo mini zogale in tsinke, ta ce in saurari wani misali.

Wani ɗan kasuwa ne, in ji ta, yana da akwatin gilashi a falonsa cike da ruwan gishiri, da duwatsu da ƙananan kifaye, ga fitila a sama, ga ɗan inji mai kaɗa ruwa. Wata rana ya sayo abin da suke kira furen teku. A ido fure ne ja mai yatsu da yawa suna rausaya, amma dabba ce, da baki a tsakiya da ƙafa guda da take mannewa a dutse. Mai sayarwa ya ja masa kunne: baƙo ne, a bar shi ya zaɓi mazauninsa da kansa, kada a taɓa shi, kada a ba shi abinci sai ya natsu. Ɗan kasuwa ya ce to, ya ajiye shi a gaba-gaba inda za a gani daga kujera, ya gayyaci abokai. Kafin su iso furen ya ja ƙafarsa ya lallaɓa bayan dutse. Baƙi suka yaba dutsen, suka sha lemo, suka tafi. Mutumin ya naɗe hannun riga ya ɓamɓaro shi ya dawo da shi gaba. Furen ya harbe shi, yatsa ya kumbura har zobe ya ƙi fita. Washegari furen ya koma bayan dutse. Mutumin ya ce ko yunwa ce, ya dinga ɗura masa jatan lande safe da yamma. Furen ya amayar, ruwa ya gurɓace, kifaye suka taso sama suna haki. Ya ce ko duhu ne, ya ƙara fitila. Furen ya ƙanƙance ya koɗe kamar tsohon soson wanka. Har matarsa ta ce masa, "Alhaji, ko kai za ka shiga akwatin, shi ya fito ya zauna a kujera?"

Hannun nan da ya kumbura ne ya ceci furen. Kumburi ya hau, likita ya hana shi taɓa ruwan nan mako biyu, sai dai matar ta sauya wanda ya gurɓace ta rage fitila. Ya rasa abin yi sai kallo. Ran kwana na goma ya leƙa ta gefen bango, ya ga furen ya samu wani tsagi inda ruwa ke wucewa a hankali, ya buɗe kamar faifai, ja zur, wani ɗan kifi mai ratsin fari yana birgima cikin yatsunsa. Falon kuwa, furen ya juya masa baya. Ɗan kasuwa ya daɗe a tsaye, sannan ya ja kujerarsa ya kai ta lungun. Daga ranar duk baƙon da ya zo a can ake matse shi, gwiwa tana gogar bango, kuma babu wanda ya ƙara yabon dutse.

Na ce, "Gwaggo, ai Lurwanu ba dabba ba ne."

Ta ce, "Ni na ce? Tsinke zogalenki, 'yar nan, kin bar sanduna."

Na koma gida. Bayan la'asar na ɗauki kujera 'yar tsugunno na zagaya bayan ɗaki. Lurwanu ya ɗago a tsorace, kamar mai jiran a ɓamɓaro shi. Na zauna gefen tabarmar, ban kawo dambu ba. Sau uku tambayar nan ta taso mini har maƙogwaro, sau uku na haɗiye ta. Tantabaru suka sauka, suka tashi, suka sake sauka. Can sai ya nuna wata fara mai ɗingishi, ya ce, "Wannan na saya ranar da littafinki ya faɗi. Na rasa wanda zan gaya wa na gan ki, sai na gaya mata."

Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Na ce, "Malam, na yi maka alkawari. Inda ka shimfiɗa tabarmarka, nan zan kawo kujerata. Ba zan ƙara janka ba."

Ya matsa, ya bar mini rabin inuwar. Gaskiyar Hausawa ne: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.