Kofato a Ƙarƙashin Zane

Kawuna yana da gidan bidiyo a Dogon Dutsi. Wata ranar da la'asar ya miƙo mini alli, ya ce in zana aljanar fim a allon ƙofa. Na zana ta a tsanake, kyakkyawar mace da tulu a ka.

"Wagga ai gwaggonka ta!" in ji Kawu. "Ina haƙora? Ina jini? Goge!"

Kakata, Allah ya jiƙanta, ta leƙo.

"Bar mai abinai. Maigida, sa mata kofaton jaki ƙarƙashin zane."

Na sa. Mai wucewa sai ya yi murmushi, idonsa ya sauka ƙasa, ya yi a'uziyya, ya tambayi lokacin farawa. Kawu bai goge ba, amma ya janye kujerarsa nesa da allon.