Ajin Laka da Ajin Takarda

Malam Jibrin, malamin laka na Kalgo, ya sauke yaransa daga akori-kura a ƙofar makarantar Gwandu, ransa a jagule. Hukumar En'e ta ce malamin zane ɗaya za ta riƙe tsakanin Gwandu da Kalgo, kuma yau Baturen makaranta zai zaɓa.

Tun bayan damina Malam Ɗahiru na Gwandu ya ƙirƙiro wannan haɗin. Ana zaunar da wani masunci da homarsa a gaban aji, yaran Gwandu su zana shi a takarda, na Kalgo su kwaikwayi kowane zane da laka. Sai Ɗahiru ya bi layi, baƙin tabarau a fuska, hannu a kafaɗar wani ɗalibi, yana shafa laka yana cewa wuyan nan ya yi tsawo, a gyara a takarda.

Kai, iyayi! Jibrin ya san inda aka dosa. Mutumin so yake ya nuna laka ma ya iya, a sallami Jibrin mai ’ya’ya biyar ya koma noma. To, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Bature ya zauna a bayan aji, alƙalami a hannu. Kafin ’yan Kalgo su taɓa laka, Jibrin ya zaro zanen da ya fi kowanne muni, masunci mai kai kamar tulu, ya miƙa wa Ɗahiru.

"Malam, yau a fara da takarda. Me ka gani?"

Wata yarinya, Indo, ta buɗe baki ta rufe. Yaran Gwandu duk suka sunkuyar da kai, gumi ya keto wa Ɗahiru a goshi.

Ya ɗaga takardar dab da fuska, ya daɗe.

"Madalla," ya ce. "Kafaɗar ta zauna, sai dai a ƙara inuwa."

Daɗi ya kama Jibrin. Ya zagayo kusa da shi don ya nuna wa Bature kan tulun, sai ya ji an damƙe masa hannun riga.

"Rufa mini asiri, Jibrin," in ji Ɗahiru a hankali, "kamar yadda yaran nan suka rufa."

Jibrin ya dubi takardar. Farin bayanta Ɗahiru ke fuskanta, domin tun damina idanunsa suka tafi.