Abin da Leɓenta Ya Faɗa

"Ƙarya take yi, tsoho! Maganar kurma za ka kama?" in ji matar ƙanena.

"Ke, rufe mana baki! Yaya, sake karanto mini," in ji mijin nata.

Ni ce kurmar, yayar mijin. Tun da kunnena ya mutu na koyi karanta leɓe, don ba zan bari gulma ta wuce ni ba.

Matar ƙanen nan nawa tauraruwar barkwanci ce a Holiwud, zamanin da fim bai iya magana ba. Kullum a kwaɓa mata kek a fuska, shi yana juya hannun kyamara. Wata rana ana cikin ɗaukar fim ta share kirim ɗin kek daga fuskarta, ta ƙura wa kyamararsa ido tana motsa baki. Kafintoci na ta buga guduma, bai ji komai ba. Da ya ga an rubuta "Ina ƙaunarka" a majigi, sai ya ɗauka da shi take. Ya aure ta. Shekara arba'in yana wannan alfahari.

Yau tsautsayi ya sa ya haska mana fim ɗin a falo.

Na gyara tabarau. "Cewa ta yi: 'Juya da sauri, mai kunnen jaki, fitsari ya matse ni.'"

Ya fice, ya buga ƙofa. Ko ni sai da na ji.